Daga Ɗanja Zuwa Garnaɗa: Tafiyata Ƙasar Andalus

Biza ce ta fi cin rai a tafiyar nan gaba ɗaya. Yuro 90 kuɗin bizar Shengen kaɗai, banda inshora da takardar banki da shaidar otal da hoto mai farin bango, sannan ga bizar Maroko daban, dan Yayana ya kafe sai dai mu bi ta Maroko mu tsallaka ta ruwa kamar yadda Ɗariƙu bin Ziyad, kwamandan rundunar Musulmi da ta fara shiga Sifen, ya tsallaka. Shi Yaya ɗan kasuwa ne, jallabiya da takalman fata yake sarowa a Kasablanka da Fas, ya san hanya, ni kuma malamin makaranta ne da na daɗe ina koya wa yara tarihin Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, a allo ban taɓa ganin ko bulo ɗaya nata ba. Daga Kano muka sauka Legas, jirgin dare ya kai mu Kasablanka, babu wani abin labari a nan sai sanyin jirgi da bacci a zaune.

Jirgin ƙasan nan nasu mai gudu, Al Boraq, awa biyu da 'yan mintuna ya sauke mu Ɗanja (Tangier), garinsu Ibn Baɗuɗa. Muka sha harira da shayin na'ana'a mai sukari har ya yi yawa, da yamma muka hau wani tudu a bakin teku sai Yaya ya nuna min wasu duwatsu can tsallake yace "kaga Turai can". Na ɗauka tsokana ce. Ashe inda ruwan ya fi ƙunci kilomita 14 ne kacal tsakanin Afirka da Sifen.

Jirgin ruwa zuwa Tarifa kusan Yuro 40 ne mutum ɗaya, tafiyar awa guda, amma iskar wajen nan ba ta wasa ba ce, cikina ya juya sosai har wata dattijuwa 'yar Maroko ta miƙo min ɓawon lemo tace in dinga shinshinawa, kuma wallahi ya yi aiki. Ina riƙe da ƙarfen jirgin ina kallon ruwan sai na tuna yaranmu nawa ne suka halaka a cikinsa a kwale-kwalen roba suna neman shiga inda mu muke shiga da tikiti. A tashar Tarifa jami'in shige da fice ya juya koren fasfona ya tambayi tikitin komawa da otal da nawa na riƙo, na nuna masa komai, ya buga hatimi. Agogo ma sai da muka ƙara masa awa ɗaya. Bas ta kai mu Aljeciras, daga nan kana hango dutsen Jabal Ɗariƙ (Gibraltar) a tsaye, inda rundunar Musulmi ta sauka a 711, yanzu kuma ba ma a hannun Sifen yake ba, Ingila ce ke riƙe da shi.

Hanyar Ƙurɗuba a jirgin ƙasa duwatsu ne da gonakin zaitun iya ganinka, layi layi kamar da igiya aka ja. Masaukinmu a tsohon gari yake, ɗaki mai gado biyu wajen Yuro 60 a dare, lungunan kuma matsattsu irin na cikin birnin Kano, sai dai su an shafe bangon da farar ƙasa an rataya tukwanen furanni, kuma babu kwata a tsakiya. Abinci ne matsala. Duk shagon da ka leƙa cinyoyin alade ne a rataye a saman kanta, har miyar da kake ganin ta ganye ce sai an jefa mata ɗan yanki, dan haka muka koma kifi da ƙwai da dankali da burodi da man zaitun, sai wani shagon shawarma na 'yan Pakistan da ya zama gidanmu. Sannan mutanen nan daga ƙarfe biyu na rana sai su rufe shaguna su tafi hutu, abincin dare kuwa sai tara ko goma.

Babban masallacin Ƙurɗuba Yuro 13 muka biya muka shiga. Eh, biya muka yi, dan yanzu coci ne, tun 1236 da garin ya faɗi. Abdurrahman ad-Dakhil ne ya fara gina shi wajen 785, wanda ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa Banu Umayya a Sham ya gudo nan ya kafa mulki a 756, 'ya'ya da jikoki suka yi ta faɗaɗawa. Kana shiga daga farfajiyar bishiyoyin lemo sai duhu-duhu da sanyi, ginshiƙai sama da ɗari takwas da bakuna ja da fari ɗaya bisa ɗaya, ko ina ka juya haka. Mihrabin kuwa ruwan zinare ne da ayoyi a jiki, Halifa Hakam na biyu ne ya sa aka yi shi da taimakon gwanin da aka aiko masa daga Ƙusɗanɗiniya, birnin Rumawa. Yaya da yake ta surutu tun safe sai naji shiru, na waiga naga yana share ido da hularsa. Ya ɗan ɗaga hannu zai yi addu'a sai mai gadi ya matso cikin ladabi yace ba a yarda Musulmi su yi sallah a ciki ba. Kana ƙara taku kaɗan kuma sai ka tsinci kanka a tsakiyar katafaren coci da gumaka da kujeru, wanda aka fara ginawa a 1523 a cikin cikin masallacin.

Abin da ya fi taɓa ni shine garin nan ba baƙo bane a wajenmu ko da bamu sani ba. Ishiriniyar da ake rerawa a unguwanninmu lokacin Mauludi, mai ita Alfazazi mutumin Andalus ne, a nan Ƙurɗuba aka haife shi. Ƙurɗubi mai tafsiri nan ne garinsu, ya bar shi bayan ya faɗi ya je ya rasu a Masar. Ibn Malik na Alfiyya daga Jayyan yake, nan kusa. Alƙali Iyad mai Ashafa ya taɓa yin alƙalanci a Garnaɗa. Wato littattafan sun tsallaka Sahara sun iso zaurukan Kano da Zariya da Katsina suna raye, garuruwan da suka haife su kuma ko kiran sallah sai ka nema.

A daren nan musu ya fara kan abin da ya sa Musulmi suka rasa Andalus. Yaya yace ai maganar a bayyane take, kiɗa da waƙa da giya da ƙwaraƙwarai ne suka ci su, suka bar jihadi Allah ya bar su. Haka ni ma aka koya min, haka ake faɗa a wa'azi, kuma ba zance babu gaskiya a ciki ba. Amma nace masa Yaya bari mu je Madinatuz Zahra gobe tukunna.

Wajen kilomita takwas take daga gari, kuɗin shiga bai kai Yuro biyu ba, sai na bas ɗin da ke hawa da kai tudun. Abdurrahman na uku ne ya gina ta bayan ya ayyana kansa Halifa a 929, birni guda na fada da ofisoshi da masallaci da lambuna, jakadun sarakunan Turai na zuwa gaisuwa. Yanzu kango ne, ana ta tono ana jera duwatsu. Na tambayi Yaya wa yake ganin ya rushe ta, yace Nasara mana. Nace a'a. Birnin nan bai cika shekara tamanin ba aka wawashe shi aka ƙone, kuma Musulmi ne suka yi, a yaƙin basasar da ya ɓarke a 1009. Asalin abun daga gadon sarauta ne. Hakam na biyu ya rasu a 976 ya bar yaro ƙarami Hisham a kan gado, sai wazirinsa Mansur bin Abi Amir ya kulle yaron a fada ya riƙe mulki. Jarumi ne kam, har Santiago can arewacin Sifen ya kai yaƙi a 997, amma da sojan haya ya yi, Barbar daga tsallaken ruwa da bayi 'yan Turai, waɗanda biyayyarsu gare shi take da albashinsu. Da ya mutu a 1002 'ya'yansa suka gada, na biyun ya yi wautar sa Halifa ya naɗa shi magaji alhali shi ba jinin Umayya bane, gari ya tashi, aka kashe shi, daga nan kowane ɓangare ya ɗauko nasa Halifan. Abin takaicin ma, wannan ɓangaren ya gayyato sojan Kiristocin Kastila su taya shi, wancan ya gayyato na Kiristocin Kataloniya. Zuwa 1031 manyan Ƙurɗuba suka ce sun gaji, aka soke halifancin gaba ɗaya.

Ƙasar ta tsage gida sama da ashirin, kowane gari da sarkinsa da laƙabinsa mai tsawo da mawaƙansa. Yaya yace to ai shine, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wajen shiga. Nace nan abin ya wuce haka, dan masu gidan ne ke biyan ƙadangaren. Sarakunan nan duk shekara zinare suke aunawa su kai wa sarakunan Kirista na arewa dan a bar su lafiya ko a taya su yaƙar maƙwabcinsu Musulmi, zinaren kuma daga harajin da ake matsa wa talaka yake fitowa, wanda shari'a bata san da shi ba, shi kuma wancan ya karɓa ya ƙara dawakai da sojoji. Da kuɗinsu aka yi ƙarfin da aka ci birnin Ɗulaiɗila (Toledo) a 1085.

Ishbiliya (Seville) yini ɗaya muka yi mata, minti arba'in da wani abu ce a jirgin ƙasa. Mun hau hasumiyar tsohon masallacin Muwahhidun, daular da ta zo daga Maroko, da yanzu ƙararrawa ce a samanta, gangare ne kake ta zagayawa, matakala 'yan kaɗan ne kawai a ƙarshe, gwiwar Yaya ta faɗa masa gaskiya. Nan ne garin Mu'utamid bin Abbad, sarki mawaƙi, wanda da wuta ta yi wuta ya kira Yusuf bin Tashfin na Murabiɗun daga Marrakesh, suka ci Nasara a Zallaƙa a 1086, daga baya Yusuf ya dawo ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, Mu'utamid ya mutu a tsare a Agmat. Murabiɗun suka yi zamaninsu, Muwahhidun suka ture su, su ma aka karya su a yaƙin Uƙab a 1212, daga nan sai zubewa, Ƙurɗuba 1236, Balansiya 1238, Ishbiliya 1248. Kuma a cikin rundunar da ta yi wa Ishbiliya ƙawanya har da mahayan da Ibnul Ahmar sarkin Garnaɗa ya aiko, dan ya riga ya yi mubaya'a ga sarkin Kastila a bar masa nasa garin. Da na faɗa wa Yaya wannan sai da ya tsaya a tsakiyar titi yace "kai Malam, ka tabbata?"

Garnaɗa a bas muka je. Sanyi ya fi na sauran garuruwan saboda duwatsun Siyera Nebada da ke bayanta. Wanda zai je ya sani, tikitin Alhamra, fadar sarakunan Garnaɗa, ta intanet ake saya tun da makonni, wajen Yuro 20, da lambar fasfo a jiki da lokacin da zaka shiga fadar, in ka makara shikenan. Mun ga wasu Larabawa da iyalansu an mayar da su a ƙofa saboda haka.

Ban san yadda zan kwatanta Alhamra ba gaskiya. Daga waje jar ganuwa ce kawai, ciki kuma babu tafin hannu ɗaya na bango da ba a sassaƙa ba, rufin ɗakuna kamar saƙar zuma, ruwa na gudu ta ƙananan magudanai daga ɗaki zuwa ɗaki har tsakar gidan da zakuna goma sha biyu na dutse ke ɗauke da kwano, duk ruwan nan daga kogin Darro aka jawo shi ta kan dutse ba inji ba fanfo, mu kuma da dam ɗin Tiga da Challawa har yau 'yan garuwa muke jira. Ko ina ka duba an rubuta Wa la galiba illallah, sau ba adadi. Yaya yana karantawa yana girgiza kai yace ka gani ko, wanda ya zauna a nan ina zai iya fita yaƙi. A nan kam na ba shi rabin gaskiya. Ibn Khaldun ma da ya zauna a fadar nan wajen 1363, har aka aike shi jakadanci wajen sarkin Kastila a Ishbiliya, abin da ya faɗa kenan, cewa kakanni su kafa mulki da wahala da haɗin kai, jikoki su taso a daɗi su rasa duka biyun su koma hayar masu kare su.

Amma masarautar nan da daɗin nata da komai ta yi shekara sama da 250 a tsaye, dan haka ba daɗin kaɗai bane. Abin da ya canza a ƙarshe shine maƙiyanta sun haɗe, Fardinan na Aragon ya auri Isabela ta Kastila a 1469, su kuma a cikin Alhamra 'yan ubanci ne ya tashi. Sarki Abul Hasan ya fifita wata baiwa Baturiya da ya aura, Surayya, a kan uwargida A'isha, uwargida taga za a kauce wa ɗanta Abu Abdullahi, manyan gidaje suka rabu biyu, ɗa ya ƙwace gari daga hannun ubansa a 1482 ana tsakiyar yaƙi da Nasara. Shekara ɗaya bayan nan aka kama shi a yaƙin Lusena, Fardinan da wayonsa bai kashe shi ba, sai ya sa shi ya yi alkawari ya sake shi ya koma ya ci gaba da rigima da ubansa da baffansa Zagal. Ana harbin juna tsakanin unguwar Albaizin da Alhamra, tudu biyu da ke kallon juna, mun tsaya a kan duka biyun, ko kiran mutum ka yi zai ji. Sannan ga igwa. Garuruwan da a da sai a shekara ana kewaye da su ba a ci ba saboda suna kan dutse, yanzu manyan igogi na fasa ganuwarsu cikin kwanaki, kuma Kastila ta zuba kuɗi a wannan fanni ta ɗauko gwanaye daga waje, Garnaɗa bata yi kusa da ita ba. Taimako daga tsallake kuma babu, Banu Marin na Fas sun riga sun rushe, Mamluk na Masar wasiƙa kawai suka iya aikawa. Ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi ya miƙa makullai.

Ina zaune a kan wani dakali a lambun sai Basasar Kano ta faɗo min. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, Yusufu ya fita Takai da jama'arsa, aka yi ta zubar da jini tsakanin 'yan gida ɗaya har Alu ya shiga gari aka kashe Tukur a 1895. Ko shekara goma ba a yi ba Turawa suka iso da igwa da bindiga mai jigida suka fasa ganuwa a Fabrairun 1903, wata mai zuwa Sakkwato. Ba ina cewa da babu Basasa da Bature bai ci Kano ba, makamin ba ɗaya bane, amma ya tarar da gari da tabo da gidajen da basa ga maciji da juna. Kakarmu har ta rasu in ta ce "Tukurawa" sai ta rage murya. Yaya yace wannan kam gaskiya ne, ya tuna.

Juma'a a masallacin Albaizin muka yi ta, wanda aka buɗe a 2003, ƙarami ne mai lambu yana fuskantar Alhamra, akwai Turawan Sifen da suka musulunta da 'yan Maroko da 'yan Senegal masu tallan jaka da tabarau a titi. Bayan sallah muna magana da Yaya sai wani ya juyo yace "sannunku Alhaji". Mutumin Gawo ne ta Mali, ya zauna Yamai da Agadas shi yasa yake jin Hausa, yana aiki a gonakin tumatir na cikin leda a Almeriya. Ya ja mu wani titi mai shagunan shayi muka ci kuskus da naman rago, Yuro 12 kwano, ya hana mu biya duk da mun san kuɗin gumi ne. A hira nake ce masa ko ya san Judar Basha da ya rushe daular Songhai a Tondibi a 1591 haifaffen yankin Almeriya ne, inda yake aiki yanzu, kuma da yawan 'yan bindigar da Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya tura da shi 'yan Andalus ne da suka rasa ƙasarsu. Ya riƙe baki yace shi dai ya san Arma a garinsu, jikokin sojojin nan. Can ma kafin su iso 'ya'yan Askiya Dawud sun gama cinye juna a kan sarauta a 1588, kuma wannan karon Musulmi ne ya tsallako Sahara ya ci Musulmi saboda zinare da gishirin Tagaza, har aka kwashe malaman Tumbuktu irin su Ahmad Baba zuwa Marrakesh.

Da yamma muka sauka dandalin Bib Rambla inda yanzu ake shan kofi da cin soyayyen fulawa da cakulan. A nan aka tara littattafan Larabci aka cinna musu wuta bisa umarnin babban limamin coci Sisneros, 'yan shekaru kaɗan bayan an sa hannu a yarjejeniyar da ta ce za a bar Musulmi da addininsu da masallatansu da alƙalansu. Zuwa 1502 an ce ko ka shiga Kiristanci ko ka bar Kastila, a 1567 aka hana yaren Larabci da sutura da wankan hamam, mutanen duwatsun Alpuharras suka yi tawaye aka murƙushe su, tsakanin 1609 da 1614 kuma aka kori kusan mutum dubu 300 duk da an yi musu baftisma tun kakanni. Kabarin Fardinan da Isabela na nan kusa, ana biya a shiga, Yaya yace shi kam ko kyauta ne ba zai shiga ba, ni na shiga na gani, akwatunan dalma ne a wani ɗan ɗaki a ƙasa.

Malaga ce zangon ƙarshe, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a bas. Mun zaga tsohuwar ƙasaba, wato fadar da ke cikin ganuwa, amma bamu hau ganuwar can sama ba saboda ƙafa ta gaji. Garin nan ya yi tirjiya wata uku a 1487 har mutane suka ci jakuna da fatu, da Zagal ya turo musu agaji daga Wadi Ash mutanen ɗan ɗan'uwansa Abu Abdullahi ne suka tare rundunar a hanya suka tarwatsa ta, da garin ya faɗi kuma kusan duk mutanensa aka mayar bayi. Yaya ya jima bai ce komai ba, can yace shi har yanzu yana nan a kan maganarsa ta kiɗa da giya, amma wannan yaron Abu Abdullahi ko a kasuwa aka haɗa shi da shi ba zai ba shi bashi ba. Muka ci gasasshen kifin sardin a bakin teku, Yuro biyar tsinke, muka kama jirgin ƙasa zuwa filin jirgi, na Kasablanka ƙarfe shida zai tashi.